Gajeren Zango a Zangonmu

Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa daga Landan, Muryar Jamus ta biyo a 1963. Ga mu da kakanninmu suka yada zango a Kumasi, Garwa ko Injamena, abin ya wuce jin labarai. Gidajen rediyon ƙasashen da muke zaune ba su cika ware wa harshenmu lokaci ba, ita kuwa muryar gajeren zango takan ƙetare dubban kilomita, babu ruwanta da kan iyaka. Akwati mai araha, batir biyu, dattijo ya ja eriya bayan sallar asuba, majalisa ta yi tsit.

Da wayar hannu ta zo, muka tura akwatin ƙarƙashin gado. Mun yi gaggawa. A Janairun 2023 BBC ta rufe rediyonta na Larabci. A Afrilu yaƙi ya ɓarke a Sudan, inda 'yan'uwanmu suke tun zamanin zuwa Hajji a ƙafa, lantarki da intanet suka yi ta yankewa. Watan Mayu sai ga BBC ta buɗe wa mutanen Sudan shirin gaggawa, a kan gajeren zangon nan da aka ɗauka ya tsufa.