Daga faifan Lahor zuwa Defender: tarihin mai gadin kwamfutar gida

Ƴan uwana malamai da iyayen yara, tambayar da aka fi yi mini a lakwal tun da kwamfuta ta fara shiga gidajenmu ita ce: a sayi manhajar riga-kafi, wato antibirus, ko kuwa wadda ta zo cikin Windows ta wadatar? Masu sayarwa suna da amsarsu, masu gyara a kasuwa suna da tasu. Ni malamin makaranta ne, don haka tarihin abin na bi, kuma a ganina amsar tana cikinsa.

A shekarar 1986 wasu ƴan uwa biyu a birnin Lahor na ƙasar Pakistan, Basit da Amjad Faruk Alvi, suka rubuta ƙwayar cutar da ake kira Brain. Ita ce ta farko da ta yaɗu a irin kwamfutocin da muka gada. A faifan disket take ɓuya, duk na'urar da aka tayar da faifan a cikinta sai ta kamu. Har sunayensu da adireshin shagonsu da lambar waya suka rubuta a jikinta. A lokacin babu wani mai gadi a cikin tsarin Microsoft, gida ne aka gina ba a sa masa ƙyaure ba. Wannan giɓi shi ya haifi sana'a. John McAfee ya kafa kamfaninsa a Amurka a 1987. A 1988 Pavel Baudis a birnin Prag ya rubuta manhajar da daga baya ta zama Avast. Norton ta shigo kasuwa a farkon shekarun 1990, Kaspersky kuma aka kafa shi a Mosko a 1997.

Tsoro ya taimaki wannan kasuwa ƙwarai. A 1992 aka yi ta shelar cewa ƙwayar Michelangelo za ta goge miliyoyin kwamfutoci ranar 6 ga Maris. Ranar ta zo, waɗanda suka lalace dubbai ne kawai, amma kafin nan an riga an sayar da manhajar riga-kafi kamar ƙosai da safe. Ba kullum tsoron yake zama na banza ba. A watan Mayu na 2000 wani saƙon imel mai suna ILOVEYOU ya fito daga Filifin, ya mamaye ofisoshin duniya cikin kwanaki kaɗan. Wanda ya rayu a wannan zamani ya koyi darasi ɗaya: kwamfuta ba antibirus na kuɗi, gona ce ba shinge. A lokacin gaskiya ce.

Mu nan Nijar ta wata ƙofa cutar ta fi shigo mana. Intanet ba ta wadata ba, sai ɗan kile ɗin nan na USB ya zama jakadan kowa, daga siber zuwa sakatariyar lakwal, daga can zuwa gida. Windows XP tana da ɗabi'ar buɗe duk abin da ke cikin kile da kanta da zarar an soka shi, ƙwayoyi irin su Conficker ta 2008 suka samu hanya. Kowane malami ya san wadda ke ɓoye takardu ta bar gajerun hanyoyi marasa amfani a madadinsu, har mutum ya ɗauka makin ɗalibansa na zango guda ya salwanta. Microsoft ta rufe wannan ƙofar buɗewa da kai a Windows 7, ta kuma aika gyaran ga XP da Vista a 2011.

A daidai wannan tsakanin ne kasuwar ta juya. AVG da Avast suka fara ba da sigar kyauta a farkon shekarun 2000. Microsoft ta gwada sayar da tata mai suna OneCare a 2006, ba ta karɓu ba, ta janye ta, ta fito da Security Essentials kyauta a 2009. Da Windows 8 ta fito a 2012 sai aka dasa cikakken mai gadi a cikinta, shi ne Defender. Da farko rago ne. Cibiyar AV-TEST ta birnin Magdeburg a Jamus, mai gwada waɗannan manhajoji, ta sha sa shi a ƙasan jeri. Amma zuwa 2019 ya fara samun cikakken maki a gwajin cibiyar, kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi. Yawancin masu cewa "na cikin Windows ba ya komai" labarin shekara goma baya suke bayarwa.

Akwai abubuwa biyu kuma da tarihin ya koya mana. Na farko, kyauta kala biyu ce. A 2020 aka bankaɗo cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga, kuma a 2024 hukumar kare ciniki ta Amurka ta sa kamfanin biyan dala miliyan 16.5. Yau Norton da Avast da AVG da Avira duk a ƙarƙashin kamfani ɗaya suke, Gen Digital, ko da yake a kanti suna kama da kishiyoyi. Na biyu, annobar WannaCry ta Mayun 2017, wadda ta kulle takardun mutane ta nemi kuɗin fansa a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka tsaya. Microsoft ta riga ta fitar da gyaran ramin tun watan Maris. Waɗanda suka kamu su ne waɗanda ba su sabunta na'urarsu ba.

Nan ne maganar ta iso gidajenmu. Da yawa cikin kwamfutocinmu na hannu ne, an ɗora musu Windows marar lasisi, kuma don satar ta zauna sai mai gyara ya kashe Defender ya kashe sabuntawa, ya sa wani antibirus da aka fasa makullinsa. Alamarsa na nan a ƙasan allo tana ba mai gida kwanciyar hankali, alhali rabonta da sanin sabuwar cuta an yi shekaru. Windows 7 ta daina samun gyara tun 14 ga Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025 ne. Kuɗin antibirus ba ya ɗinke ɓarakar tsarin da mai shi ya bari.

Shawarata ga iyaye da malamai ke nan. In Windows ɗinku ta halal ce kuma tana sabuntawa, Defender ya isa aikin gida: rubuta jarrabawa, ajiye maki, binciken yara. Ku buɗe shi ku tabbatar a kunne yake. Na kuɗi yana da amfani ga mai son ƙarin abubuwa kamar ma'ajiyar kalmomin sirri ko kula da na'urori da yawa lokaci guda, muddin zai iya sabunta biyan kowace shekara. Kula da abin da yara ke kallo kuwa, Microsoft na da Family Safety kyauta. Wanda ke da ƴan jikkuna a hannu, gara ya sayi intanet ɗin sabuntawa da faifan ajiya na waje, ya riƙa kwafe takardunsa duk ƙarshen mako, ya cire shi ya sa a akwati. Kile ɗin da ya kwana a siber kuma a bincike shi kafin a buɗe.

Allah ya tsare mana amanar da ke hannunmu.