Daga Zango Zuwa Bariki: Zinare Da Masaukin Baƙi A Arewacin Zamfara

Gabatarwa

A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wasu tsofaffin garuruwa a gindin duwatsun Sierra Nevada, waɗanda zinare ya kafa su, daga baya ya gudu ya bar su. A watan Janairu na 1848 ne wani kafinta mai suna James Marshall ya tsinci ƙwayar zinare a bakin kogi, kafin shekara bakwai mutum wajen 300,000 sun kwarara yankin. Ramukan sun daɗe da mutuwa, amma garuruwa irin su Columbia da Angels Camp suna nan da ransu, kuma saukar baƙi na cikin manyan sana'o'insu. Magidanci yakan kwashi iyalinsa lokacin hutu, ya kama hayar ɗan gidan katako a cikin itatuwa na kwana biyu ko mako guda, da safe su gangara gari su ga tsofaffin kantuna, a ba yara tasa su wanke yashi ko Allah zai sa su dace.

Mu ma muna da ƙasar zinare, muna kuma da garuruwan da suka yi suna wajen karɓar baƙo. Wannan maƙala za ta bi tarihin masauki a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, domin mai karatu ya ga abin da ke kawo baƙo gari, da abin da ke korar sa, da kuma inda alƙalami ya shigo cikin lamarin.

Zamanin Ayari

Tun kafin a ji ƙarar jirgin ƙasa, hanyar da ta haɗa Katsina da Sakkwato ta arewacin Zamfara ta ratsa. Bayan jihadi, Fulani Alibawa ne suka riƙe wannan yanki. Daga cikinsu aka sami Namoda, jarumin da ya taka rawa a yaƙin da ya kai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa har yau. Zurmi kuwa ita ce mazaunin Sarkin Zamfara na wannan zuriya. Garuruwan masu ganuwa ne, domin suna bakin daga tsakanin daular Sakkwato da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, waɗanda ba su daina kawo hari ba.

Matafiya biyu daga Turai sun bar mana shaida a rubuce. Hugh Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya bi ta Zurmi a 1824, a tafiyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya biyo sawu a 1853, ya ratsa Zurmi, ya tsaya Badarawa da ke ƙasar Shinkafi ta yanzu ya ga kasuwarta, sannan ya nufi Isa. Gaban Isa akwai dajin Gundumi, wanda tsoron mahara ya sa ake ƙetare shi dare da rana ba tare da yada zango ba. Saboda haka ayari yakan taru a waɗannan garuruwa, a huta, a yi guzuri, a jira a yi yawa tukuna a kama hanya.

A nan ne sana'ar fatoma ta kafu. Fatoma ba ɗaki kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke adana kayan baƙo, matansa su dafa masa abinci, yaransa su kai jakuna kiwo, shi ke nemo dillali, ya tsaya wa baƙon a wurin bashi, ya kuma raka shi gaban alƙali in rigima ta taso. Ba a yanka kuɗin kwana. Ribarsa tana cikin la'ada da kyautar sallama, jarinsa kuwa amana. Madugun da ya ji daɗin masauki shi zai kawo wani baɗi, wanda aka cuta kuma zai kai labarin har Gwanja. Ashe tun a wancan zamani labari shi ke cika zaure, shi ke kuma watsa shi.

Jirgi Da Bariki

Zuwan Turawa ya kawo sabon masauki. A kowace gunduma an gina wa Di'o da sauran ma'aikata gidan sauka a bayan gari, galibi ginin ƙasa da jinka, inda suke kwana idan sun fito rangadi. Talakawa ke gina shi, su ke gyara shi bayan damina, su ke kawo itace da ruwa da ƙwai, aka kuma naɗa masa mai tsaro da ake kira sarkin bariki. Wannan gida shi ya fi kama da gidajen katakon Amurka a siffa, ga shi a keɓe, ga iska, ga inuwa. Bambancin shi ne baƙon bariki ba gayyato shi aka yi ba, kuma haraji ya zo ƙirgawa. Ya kamata marubuci ya lura da tafiyar wannan kalma: ta fara da nufin mazaunin soja, ta koma masaukin Bature, ta ƙare a kan ɗan bariki, wato wanda ya bar gida ya rungumi duniya. Tarihin zamani guda ke nan a cikin kalma ɗaya.

A 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, tafiyar fiye da kilomita 200, ta tsaya a Ƙaura Namoda. Ƙarshen dogo ya zama farkon arziki. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sikeli, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa isowa a kan jakuna da raƙuma, Yarbawa da Ibo suka zo aikin tasha da kasuwanci, Sabon Gari ya tashi. Ga mutumin Shinkafi ko Isa ko Sabon Birni, har da na ƙetaren iyaka a ƙasar da Faransa ke mulka, Ƙaura ce tasha mafi kusa. Ɗan cirani da bai zo da haja ba, ba shi da la'adar da zai ba fatoma, sai ya biya kuɗin tabarma. Da haka ɗakin haya ya shigo, aka fara sayar da kwana da kuɗi.

Zinaren Farko

Turawa sun fara haƙar zinare a Arewa wajen 1913, dokar ma'adinai ta 1916 kuma ta danƙa wa gwamnati duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Amma rububin gaske sai a shekarun 1930. Dalili kuwa, karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta durƙusar da kuza a Jos, Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinare a 1931, Amurka kuma ta ɗaga farashin oza daga dala 20.67 zuwa 35 a 1934. Sai Turawan kuza da suka rasa aiki suka bazu a Birnin Gwari da Minna da Yawuri da yankin Anka da Maru suna bin rafuka. Mafi yawan aikin da ƙwarya da tasa aka yi shi, leburori na wanke yashi, ana biyan su gwargwadon abin da suka kawo.

Manyan ramukan suna kudu da yammacin Zamfara. Rabon arewaci shi ne hanya da abinci da majiya ƙarfi. Gero da shinkafa da albasar fadamun Bunsuru da Gagare sun sami masaya, samari sun sami inda za su nemo kuɗin haraji da na aure. Sansanonin haƙa kuwa bukkoki ne na kara da ciyawa, ana gama wanke rafi a tashi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Ingila ta matsu da kuza, sai aka juya wa zinare baya, aka shiga ɗibar mutane aikin tilas zuwa Jos daga 1942 zuwa 1944, Lardin Sakkwato ma bai tsira ba. Damina biyu uku, gara da gobarar daji suka share bukkokin.

Zinare Na Biyu

Farashin oza ya haura dala 1,000 a 2008, mutane suka koma tsofaffin ramuka. Wannan karon dutse ake fasawa, a kai shi cikin gida a niƙa. Dutsen yana ɗauke da dalma, kuma a 2010 gubarta ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Bayan guba sai bindiga. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan fashin daji, ba a ɗage hanin ba sai a Disamban 2024. A 2021 an rufe kasuwannin mako, an katse layukan waya na wani lokaci, har kasuwar Alhamis ta Shinkafi, wadda ke tara fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya, ta ɗanɗana kuɗarta. Harkar jirgin ƙasa kuwa tun shekarun 1980 take lalacewa. Abin da Barth ya gani a Gundumi ya dawo: matafiya na taruwa a jira a yi yawa, ko a sami rakiya, kafin a kama hanya. Zauren da ya saba saukar falke ya koma saukar ɗan gudun hijira daga ƙauye.

Inda Alƙalami Ya Shigo

Kada mai karatu ya ɗauka tarihin Kalifoniya tsarkakakke ne. An kashe 'yan asalin ƙasar da yawa, an ƙwace filayensu, an gurɓata koguna. Abu biyu suka ba garuruwan rayuwa ta biyu: hanya ta yi lafiya, labari kuma ya shiga takarda. A hunturun 1864 zuwa 1865 wani matashin ɗan jarida, Mark Twain, ya zauna a wani gidan katako kusa da Angels Camp, ya ji hirar wani kwaɗo mai tsalle, ya rubuta ta, aka buga a 1865. Wannan gajeren labari shi ya fito da sunansa. An sake gina gidan a 1922, an fara gasar tsallen kwaɗi a garin a 1928, gwamnatin jiha ta mai da tsakiyar Columbia wurin tarihi a 1945. Baƙon da ke biyan haya a can yau, labari ya je gani.

Mu kuwa, rububin zinarenmu ya zo daidai da gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, amma ba ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki ramin zinare a matsayin jigo. Abin da ya rage na wancan zamani yana cikin rahotannin Turawa a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da kuma bakin tsofaffin da suka ji daga iyayensu.

Kammalawa

Gyaran hanya da tsaronta aikin hukuma ne, amma adana labari namu ne. Har yanzu a Ƙaura akwai jikokin fatomomi da 'yan dako da ma'aikatan tasha, a Zurmi akwai masu iya nuna inda ƙofofin gari suke, a Shinkafi akwai dillalan da suka gaji la'ada kaka da kakanni. Matashin da ke neman jigo ya ɗauki littafi da biro ya zauna gabansu, ya tambayi sunan zango da na rafi, da kuɗin tabarma, da abin da sarkin bariki ke ci. Ya rubuta mai daɗi da marar daɗi, har da yaran Bagega. Tsoho ba ya jiran zaman lafiya kafin ya amsa kira. Ranar da Allah Ya kawo sauƙi baƙo ya dawo, zai tambayi abin da aka yi a nan, kuma amsar da zai samu ita ce wadda muka rubuta tun yanzu.