Ɗumama Gareji a Lokacin Sanyi: Jagora Ga 'Yan'uwa Mazauna Paris da Lyon

Da zarar watan Nuwamba ya kama, tambayar da 'yan'uwa ke yawan yi ita ce: wane irin abin ɗumama ɗaki ya dace a sa a gareji? Wasu hita suke ce masa, wasu kuma shofaj, kamar yadda yake a bakin Faransawa. Dalilin tambayar a fili yake. Da yawa daga cikinmu, daga Porte de la Chapelle zuwa Aubervilliers da Saint-Denis, haka kuma a Villeurbanne da Vénissieux ta wajen Lyon, ba mota kaɗai muke ajiyewa a gareji ba. A nan ake ɗaure kayan da za a aika gida, a nan wani ke kafa keken ɗinki, wani yana gyaran mota, wasu kuma su zauna hira da shayi. A watan Janairu matsakaicin yanayi a Paris kusan digiri 5 ne, Lyon ma ta fi sanyi, kuma bangon siminti ba ya riƙe ɗumi.

Amsar a taƙaice ita ce: a gareji rufaffe, na lantarki kaɗai ya dace. Duk abin da ke cin gawayi ko kananzir ko gas yana iya kashe mutum a wurin da iska ba ta shiga.

Haɗarin da ba a gani

A gida, idan hunturu ya yi tsanani, mukan hura gawayi a kasko ko kurfoti mu ji ɗumi a zaure ko a tsakar gida, inda iska ke kaiwa da komowa. Gareji a nan ba haka yake ba. Ƙofa ɗaya ce ta ƙarfe, yawanci babu taga. Idan wuta tana ci a wurin da iska ta yi ƙaranci, takan fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda Faransawa ke ce wa monoxyde de carbone. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi har sau 200 ko fiye, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai da kasala. Mutum sai ya ɗauka mura ce ko gajiya, ya kishingiɗa, daga nan sai barcin da ba a tashi. Hukumar lafiya ta Santé publique France tana ƙidaya kusan mutum 3,000 da wannan guba ke kamawa bisa haɗari kowace shekara a ƙasar, yawanci a lokacin sanyi. Babbar alama ita ce mutum biyu ko uku su ji ciwon kai lokaci ɗaya a wuri ɗaya, kuma su ji sauƙi idan sun fita waje.

Saboda haka kada a shigar da waɗannan cikin gareji a rufe ƙofa: kurfotin shayi, kaskon turaren wuta, gawayin shisha, murhun gasa nama, da janareta. Haka kuma kada a bar injin mota yana aiki wai don wurin ya yi ɗumi.

Wane irin gareji ne naka?

Kafin a sayi komai, a fara sanin matsayin wurin. A Porte de la Chapelle da kewayen Boulevard Ney, yawancin garejin da ake haya ƙananan ɗakuna ne a ƙarƙashin dogayen benaye, waɗanda ake kira box. Dokar kare gidajen zama daga gobara ta 31 ga Janairu 1986 ta keɓe irin waɗannan wurare don ajiye motoci, kuma dokokin cikin gida na benen sukan hana ajiye gas da mai da sauran kayan da ke kama wuta. Wutar da ke haska wurin ta dukan mazauna ce, jona hita a kanta satar wuta ce, kuma wayar ba ta da ƙarfin ɗaukarsa. Mai irin wannan gareji sai ya nemi izini a rubuce daga mai gida ko ofishin da ke kula da benen. Idan gobara ta tashi daga abin da aka sa ba da izini ba, kamfanin inshora yana iya ƙin biya.

Wanda ke da gida na kansa mai gareji a jiki, kamar yadda ake samu a unguwannin bayan gari, ya fi samun sarari. Ɗan haya kuwa, ko a irin wannan gida, ya tambayi mai gida kafin ya taɓa wayoyin wuta.

Ire-iren hita na lantarki

Mai fanka: yana hura iska mai zafi, yana ɗumama wuri cikin mintoci kaɗan. Ya dace da mai shiga ya yi aikin awa ɗaya ko biyu. Aibinsa shi ne ƙara da tayar da ƙura, kuma da an kashe shi sanyi ya dawo.

Mai haske, wato infrarouge: ba iska yake ɗumamawa ba, jikin mutum da abin da ke gabansa yake ɗumamawa, kamar hantsi. Ana kafa shi a bango ko a sama, a saita shi wajen teburin aiki. Shi ya fi dacewa da garejin da ake yawan buɗe ƙofarsa.

Mai mai a ciki, wato bain d'huile: yana jinkirin ɗaukar zafi amma yana riƙe shi, kuma ba ya ƙara. Ya dace da tela ko wanda ke daɗewa a zaune.

Kowanne aka zaɓa, a duba alamar CE, a tabbatar yana da abin daidaita zafi, kuma yana kashe kansa idan ya faɗi ko ya yi zafi fiye da kima. Idan wurin yana da laima, a nemi mai alamar IP24 ko IPX4, wanda ke jure fantsamar ruwa. Tsohon hita na kasuwar gwanjo mai tsagaggiyar waya, araharsa ba riba ba ce.

Hita na kananzir da na gas fa? Ana sayar da su a shaguna, amma hukumomin lafiya sun ce kada a bar su suna ci fiye da awa 2 a jere, kuma sai inda iska ke shiga. A garejin da akwai mota ko jarkar fetur, harshen wuta kaɗai ya isa ya tayar da gobara. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, idan ya zuba sai ya taru a ƙasa, shi ya sa ba a kai shi ƙarƙashin bene. Tukunyar propane ma ba a yarda a ajiye ta cikin gida ba.

Ƙarfi da kuɗin wuta

Lissafin da aka saba yi shi ne wat 100 ga kowane murabba'in mita. Gareji mai tsawon mita 5 da faɗin mita 3 murabba'in mita 15 ke nan, wato wat 1,500. Idan bango da ƙofa ba su da rufin kare sanyi, a nemi mai wat 2,000.

A shekarar 2025 farashin wuta na gwamnati ya kasance kusan santim 20 na yuro kan kowane kilowat a awa. Hita mai wat 2,000 da ya yi awa 3 ya ci kilowat 6, wato yuro 1.20 a rana, kusan yuro 36 a wata. Idan aka bar shi awa 10 kullum, lissafin ya kai yuro 120. Saboda haka kafin a sayi babban hita, a fara toshe ƙasan ƙofa da roba, a manna allunan kare sanyi a bayan ƙofar ƙarfe, a shimfiɗa katako inda ake tsayawa. Amma kada a toshe ramukan shigar iska da magina suka bari.

A kuma duba ƙarfin mitar gida. Gidaje da yawa suna kan kVA 6. Idan hita da tanda da injin wanki suka haɗu lokaci ɗaya, mitar Linky za ta yanke wuta.

Yadda ake kafawa

Ƙa'idar wayoyin wuta a gidajen Faransa ita ce NF C 15-100. Soket na bango yana ɗaukar amfiya 16 a kan bolt 230, wato kusan wat 3,600. Hita mai tafi-da-gidanka a jona shi kai tsaye a soket mai wayar ƙasa, shi kaɗai. Kada a jona shi a kan abin jona mai baki da yawa, domin a nan waya ke narkewa. Idan dole sai an ja waya mai naɗi, a warware ta gaba ɗaya.

Hita na bango kuwa yana buƙatar layinsa daga allon wuta: waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da makatsi mai amfiya 16 har zuwa wat 3,500, ko waya mai 2.5 da makatsi mai amfiya 20 har zuwa wat 4,500, tare da makatsin kariya na miliamfiya 30. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, a karɓi takardar biya a ajiye saboda inshora.

A bar tazarar aƙalla mita 1 tsakanin hita da kwalaye, yadudduka, tayoyi da fenti. Kada a shanya tufafi a kansa. A kashe shi duk lokacin da za a fita.

Na'urar gano hayaƙi ta zama wajibi a kowane gidan zama tun 8 ga Maris 2015, amma ba ta gano kabon monoksaid. Na'urar wannan daban ce, a nemi mai lamba EN 50291.

Gareji ba wurin kwana ba ne

Mun san halin da sababbin zuwa ke shiga wajen neman masauki. Amma dokar lafiya ta Faransa ta hana bai wa mutum gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya zauna a ciki, da kuɗi ko kyauta. Da yawa daga cikin mace-macen wannan guba cikin barci suke faruwa. Wanda aka ba haya irin wannan wuri ya je ofishin ADIL na yankinsa, shawararsu kyauta ce. Wanda ba shi da wurin kwana ya kira 115.

Idan abin ya faru

A buɗe ƙofa nan take, a kashe wutar idan zai yiwu, a fitar da kowa waje. A kira 18 don 'yan kwana-kwana, ko 15 don motar asibiti, ko 112. Kada kowa ya koma ciki sai sun ba da izini. Ko mutum ya ce ya warware, a kai shi asibiti, musamman mai juna biyu da yara. Masu tsanani akan sa su a ɗakin iska mai matsi, irin wanda ke asibitin Raymond-Poincaré a Garches da asibitin Édouard-Herriot a Lyon.

Wanda ya karanta wannan ya sanar da wanda bai karanta ba, musamman matasan da ke haɗuwa shan shayi da waɗanda wannan ne sanyinsu na farko a Turai. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.