Yadda rangwamen haraji ya dawo da jama'a Kudancin Bronx

A watan Oktoba na 1977, Shugaba Jimmy Carter ya je Titin Charlotte a Kudancin Bronx, cikin birnin New York, ya tarar da kangaye da tarin ɓaraguzai. Gobara ta cinye unguwanni. Wasu masu gidajen haya sun gudu sun bar gidajensu, wasu sun banka musu wuta don su karɓi kuɗin inshora. Daga ƙidayar 1970 zuwa ta 1980, gundumar Bronx ta rasa mutum wajen 300,000.

A lokacin gwamnatin Amurka ta fara janye hannu daga gina wa talakawa gidaje. Tun 1937 take ba hukumomin birane kuɗi suna ginawa, amma rashin kuɗin gyara ya lalata da yawa daga ciki. A 1972 aka fara rushe benayen Pruitt-Igoe na St. Louis da nakiya, a 1973 kuma Shugaba Nixon ya dakatar da sababbin ayyukan gidajen tallafi.

Abin da ya maye gurbinsu ya shigo ne cikin dokar gyaran haraji da Shugaba Reagan ya sa wa hannu a 1986. Gwamnatin tarayya tana raba wa jihohi rangwamen haraji gwargwadon yawan jama'arsu, jiha kuma ta zaɓi maginin da za ta ba. Shi magini harajinsa bai kai ya ci moriyar rangwamen ba, sai ya sayar wa banki ko babban kamfani. Bankin ya zuba kuɗin gini yau, ya riƙa cire rangwamen daga harajinsa har shekara 10. Sharaɗin shi ne a ware wani kaso na ɗakunan, galibi kashi 40 cikin ɗari, ga iyalan da samunsu bai wuce kashi 60 na matsakaicin samun yankin ba, a kuma ƙayyade haya. Da farko wa'adin shekara 15 ne, daga baya aka mayar da shi 30. Tsarin ya zama na dindindin a 1993, kuma ya samar da gidaje sama da miliyan 3.

Bronx ta yi dace, don a daidai lokacin magajin garin New York Ed Koch ya ƙaddamar da shirin gidaje na shekara 10 na fiye da dala biliyan 5. Birni ya riga ya ƙwace dubban gine-gine saboda bashin haraji, sai ya miƙa da yawansu ga ƙungiyoyin unguwa irin su Banana Kelly, waɗanda tun farko suka ƙi ƙaura. Kuɗin birni da na rangwame suka haɗu, aka rufe kangaye, aka mayar da ruwa da wuta.

A ƙidayar 2020 mutanen Bronx sun kai miliyan 1.47, kusan adadinsu na 1970, sai dai jama'ar ta sauya. Yawancin Yahudawa da jikokin Italiyawa da 'yan Ayalan sun daɗe da tashi. Baƙaƙen fata da 'yan Puerto Rico da suka jure wuyar sun yi sababbin maƙwabta daga Jamhuriyar Dominika da Meziko da Afirka ta Yamma, har da Hausawan zangunan Ghana da masallatansu.

Inda tsarin ya gaza, a ganina, shi ne ma'aunin da ake yanka haya da shi. Matsakaicin samun da ake lissafawa na birnin ne da kewayensa, har da attajiran Manhattan, alhali Kudancin Bronx na cikin yankunan da suka fi talauci a Amurka. Ɗakin da takarda ta ce mai rahusa ne yakan fi ƙarfin mai gadi ko mai jinyar tsofaffi da aka haifa a layin, sai in yana da wani tallafin haya daban. Ga shi gidajen da aka gina a shekarun 1990 wa'adinsu na shekara 30 yana cika, a daidai lokacin da benaye masu tsadar haya ke tashi a bakin kogi a unguwar Mott Haven ta Kudancin Bronx.