Yadda ƙwaƙwalwa ke gane abin da ido ya gani

Gane abu da gani aiki ne na ido da ƙwaƙwalwa tare. Haske yana faɗawa kan tantanin da ke can cikin ido, jijiyar gani ta ɗauki saƙon zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke ƙeya. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun nuna cewa ƙwayoyin halitta da yawa a wannan sashe kowacce tana amsa layi mai wata karkata ta musamman. Daga nan saƙon ya rabu biyu: hanyar ƙasa tana tantance mene ne abin, ta sama kuma inda yake. Yawan gani yana kaifafa wannan aiki, shi ya sa makiyayi a karkarar Garwa ke ware saniyarsa cikin garke daga ƙaho da zanen fata.

Idan hanyar da ke tsakanin ido da ƙwaƙwalwa ta yanke, ƙwaƙwalwa ba ta samun saƙo. A yankin Touboro na arewacin Kamaru, cutar makantar kogi, wadda baƙin ƙuda ke yaɗawa, tana lalata ido da jijiyar gani. Ana yaƙar ta da maganin ivermectin.