Kafin Motar Asibiti Ta Iso: Wasan Talabijin da Aikin Ceto, Daga Los Anjalas Zuwa Jega

Ranar 15 ga Janairun 1972 tashar NBC ta Amurka ta fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Emergency!, labarin wasu 'yan kwana-kwana biyu na gundumar Los Anjalas, John Gage da Roy DeSoto, masu fita aiki a wata jar mota mai lamba 51. Bayan kayan ceto da aka saba gani, motar tana ɗauke da akwatin magunguna da na'urar farfaɗo da zuciya da wayar rediyo, wadda ta cikinta likita ke ba su umarni daga asibiti alhali suna durƙushe a kan wanda ya ji rauni a bakin titi. Yawancin masu kallo ba su taɓa ganin irin wannan ma'aikaci ba. A lokacin, rukunonin da ke wannan aiki a duk faɗin Amurka ba su wuce 12 ba. Shekara goma bayan haka, fiye da rabin Amurkawa suna zaune a inda irin wannan mota za ta iya riskarsu cikin minti goma.

Wannan tarihi ya shafi duk mai bin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Yawuri, domin halin da Amurka ke ciki kafin wancan wasa ya fi kama da halin wannan hanya a yau fiye da yadda ake zato.

Amurka kafin mota mai lamba 51

A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da wani rahoto da ya kira haɗari cutar zamani da aka yi watsi da ita. Rahoton ya nuna cewa kusan rabin aikin ɗaukar majinyata zuwa asibiti masu sana'ar jana'iza ne ke yin sa, saboda motocinsu ne ke da tsawon da mutum zai kwanta a ciki. Direbobin ba su da wani horo na kirki, motocin kuma ba kayan aiki. Likitocin da suka dawo daga yaƙin Koriya da na Biyetnam sun shaida cewa sojan da aka harba a fagen fama ya fi wanda mota ta buge a titin gari samun damar tsira.

Gyara ya fara daga wurare daban-daban. A Belfast ta Arewacin Ayalan, likitan zuciya Frank Pantridge ya fara fitar da na'urar farfaɗo da zuciya zuwa inda majinyaci yake a 1966. A Pittsburgh, a 1967, aka kafa Freedom House, inda likita Peter Safar ya horar da samarin baƙaƙen fata na wata unguwar talakawa, suka zama cikin ma'aikatan ceto na farko masu zurfin horon jinya a ƙasar. A Kalifoniya kuwa, a 1970 gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta halatta wa wanda ba likita ba ya yi allura ya ba da magani a wajen asibiti bisa umarnin likita.

A wannan gaɓa ne furodusa Robert Cinader, wanda ke aiki tare da Jack Webb, ya je asibitin Harbor General neman labari, ya tarar da 'yan kwana-kwanan da ake horarwa. Abin da ya yi bayan nan shi ne ya ba wasan ƙarfinsa. Ya jingina shi da hukuma ta gaske: tashar kashe gobara da ake nunawa tasha ce mai aiki a garin Carson, wani babban jami'in hukumar, James Page, shi ke duba rubutun, kuma an umarci marubuta su riƙa ɗebo labaransu daga littattafan da tashoshi ke rubuta ayyukan yini. Aka ci gaba da nuna shi har 1977. A 1973 majalisar Amurka ta zartar da dokar da ta ware kuɗi don kafa tsarin agajin gaggawa a jihohi.

Kuskure ne a ce wasan shi kaɗai ya yi wannan aiki. Doka da kuɗi da likitoci sun riga shi, kuma su suka ɗauki nauyin. Gudummawarsa ita ce ya nuna wa talaka wani abu da bai san ana iya nema ba, har mutanen ƙananan garuruwa suka fara tambayar shugabanninsu dalilin da ya sa ba su da irinsa. Freedom House, wadda ba ta sami mai ba da labarinta ba, an rufe ta a 1975, aka kuma yi shekaru da dama kafin a waiwayi sunanta.

Abin da allon Hausa ya nuna

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wasan da ake shiryawa don ya koyar. Tun zamanin majigi, a shekarun 1950, fim ɗin Baban Larai ya zaga ƙauyuka yana tallata noman auduga na zamani. Talabijin ta zo Kaduna a 1962, ta iso Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1977 aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. A lokacin Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka yanki Jihar Kebbi.

Wasannin wancan zamani sun buɗe wa jama'a ƙofofin hukumomi da yawa. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya shigar da mai kallo bariki, ya mai da soja mutum mai iyali da bashi da raha. Kuliya Manta Sabo daga Kano ya zaunar da shi a gaban alƙali. Idon Matambayi daga Sakkwato ya yi magana da harshen mutanen yankin a kan zaman tare. Cock Crow at Dawn, da aka fara a 1980, an shirya shi ne musamman don jan hankalin mutane zuwa gona. Bayan buɗe Arewa24 a 2014, Daɗin Kowa ya kawo rayuwar gari, Kwana Casa'in ya kawo siyasa da aikin jarida. A cikin waɗannan fitattu duka babu wanda aka gina a kan ɗan kwana-kwana ko direban motar asibiti.

Dalilin yana cikin tarihin aikin kansa. Kashe gobara a matsayin aikin gwamnati ya fara ne a Legas a farkon ƙarni na 20, a matsayin reshen 'yan sanda, kuma sai a 1963 aka yi dokar da ta ba shi gashin kansa. Jihohi suka kafa nasu hukumomin, amma tashoshin sun fi taruwa a manyan birane. A sauran garuruwa gobara ta ci gaba da zama aikin gayya: a yi kururuwa, maza su fito da guga da tulu da ƙasa, a kayar da danni ko rumfar da ke kusa don a datse wa wuta hanya. Marubuci ba ya yin gwarzo da mutumin da masu kallonsa ba su saba gani ba. Shi kuwa ɗan kwana-kwana, a yawancin labaran da ake bayarwa a kansa, ko ya makara ne ko ruwansa ya ƙare, har a wasu wurare akan tarbe shi da jifa.

Mararrabar Jega

Jega gari ne da kasuwa ta raya. Buhari ɗan Abdussalami, malamin nan na Gimbana, shi ya kafa shi wajen 1820, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwarsa ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, zangon fataken da ke zuwa Gwanja neman goro. Matsayin mahaɗa bai canza ba: a nan hanyar Birnin Kebbi ke haɗuwa da babbar hanyar Sakkwato zuwa kudu. Abin da ya canza shi ne kayan da ke bi. Inda jakuna da raƙuma suka taka, yanzu tireloli ne ɗauke da albasar Aliero da shanu da shinkafa, sau da yawa da fasinjoji a saman kaya, da tankokin man fetur masu haurowa daga kudu ta Koko da Maiyama.

Idan haɗari ya auku a wannan hanya, waɗanda ke fara isa su ne manoman gefen titi da 'yan acaɓa da 'yan kamasho da direbobin da suka tsaya, sai 'yan agajin ƙungiyoyin addini masu kaki, waɗanda suka daɗe suna wannan hidima ba albashi. Akan sa wanda ya ji rauni a duk motar da ta samu. Manyan asibitocin da ke iya aikin ƙashi da na kai suna Birnin Kebbi da Sakkwato.

Yankin yana da tsohuwar cibiyar kula da masu rauni da ta girmi duk wata hukuma: masu ɗorin Aliero, waɗanda ake kawo musu masu karaya daga jihohi masu nisa har da maƙwabtan ƙasashe. Sunan da suka yi shaida ce cewa jama'a suna tafiya mai nisa zuwa inda suka amince. Sai dai ɗori aikin bayan an tsira ne. Zubar jini da toshewar numfashi da karayar wuya a sa'ar farko suke kisa ko nakasawa, kuma wannan sa'a ita ce har yanzu ba ta da mai ita.

A takarda an yi nisa. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a Fabrairun 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. An kafa NEMA a 1999. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili. Akwai lambar kiran gaggawa ta 112. Amma dokar da jama'a ba su san da ita ba ba ta hana mai mota tsoron cewa idan ya kai wanda ya ji rauni asibiti, shi za a riƙe.

Gobarar kasuwa ma ba labarin nesa ba ce. Babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone a Maris na 2016, a daidai lokacin da ta Sabon Garin Kano ta ƙone. Ta Sakkwato ta bi a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na shekarar. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, da mararrabar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025, inda aka rasa fiye da 80. A duka biyun, galibin mamatan mutane ne da suka taru a gindin tankar da ta faɗi. Taron da ke ceton rai a haɗarin mota shi ne wuta ke cinyewa a haɗarin tanka, kuma bambancin da ke tsakani sani ne. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa; duk garin da tanka ke ratsawa gemunsa na kusa.

Iyakar allo

Tarihi ya kuma nuna cewa allo yana iya yaudara. A 1996 mujallar likitanci ta New England ta buga wani nazari a kan wasannin ER da Chicago Hope da Rescue 911, inda aka gano kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dannar ƙirji a wasannin sun farfaɗo, adadin da ya zarce abin da ake gani a asibiti nesa ba kusa ba. Chicago Fire da 9-1-1, waɗanda matasa ke kallo a waya da tauraron ɗan'adam, suna nuna birni mai famfon kashe gobara a kowace kusurwa. Wanda ya kwaikwayi wannan a Kebbi tatsuniya zai yi. Haka nan wasan da zai koya wa mutane kiran lambar da ba za a ɗaga ba, ɓata amana zai yi maimakon gina ta.

Darasin Cinader shi ne a ɗebo labari daga littafin aiki na gaske. Littafin wannan yanki yana hannun ɗan agajin da ya kwana a bakin hanya, da ma'aikaciyar jinya ta babban asibitin gari, da sarkin ruwa mai tsamo wanda Gulbin Zamfara ya ja, da jami'in kashe gobara mai mota ɗaya da tanki ɗaya. Ta bakin irin waɗannan mutane wasa zai iya shigar da abubuwan da ba sa buƙatar kasafin kuɗi: a danne rauni mai zubar da jini da tsumma mai tsabta, kada a naɗe wanda ake zaton wuyansa ya karye a cusa shi bayan mota, kada a watsa ruwa a wutar fetur ko ta man girki, a sanyaya ƙuna da ruwa mai tsabta na kimanin minti 20 maimakon shafa ƙwai ko gishiri, a bar layin kasuwa a buɗe yadda mota za ta wuce, a guje wa tankar da ta faɗi ko da man yana malala kyauta.

Sauran aikin na masu kasafi ne. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, masu shirya fim na Hausa sun nuna suna iya riƙe masu kallo shekara da shekaru, masu ceto kuma suna nan a bakin hanya tun kafin a ba su suna. A Amurka tazarar da ke tsakanin rahoton 1966 da dokar 1973 shekara bakwai ce, kuma abin da ya cike ta har da miliyoyin masu kallo da suka koyi tambayar da za su yi wa shugaban gundumarsu. A Jega da Aliero da Maiyama tambayar ba ta da wuyar tsarawa: motar kashe gobara mafi kusa tana ina, wa ke tuƙa ta da dare, kuma a ina take ɗiban ruwa idan tankinta ya ƙare.