Horar da Mataimakan Lauya: Giɓin da Kwalejojin Shari'a Suka Bari

A Nijeriya, wanda zai zama lauya sai ya yi shekara 5 a jami'a, sannan ya wuce Makarantar Koyon Aikin Lauya, wadda aka kafa a Legas a 1962, kuma take da reshe a Bagauda. Hanyar tana da tsawo da tsada, kuma masu kammala ta galibi a manyan birane suke zama, inda kuɗi yake. Manomin da aka cinye masa gona, da matar da aka hana ta gado, da yaron da ya kwana 10 a ofishin 'yan sanda ba a kai shi kotu ba, ba kasafai suke ganin lauya ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, ƙasar tana da makarantun da za su iya samar da masu cike wannan giɓi, amma manhajarsu ta fuskanci wata alƙibla dabam.

Mataimakin lauya ba ya tsayawa gaban alƙali a madadin kowa, domin Dokar Lauyoyi ta keɓe wannan ga wanda aka rantsar. Sai dai mafi yawan aikin shari'a a wajen zauren kotu ake yin sa. Ana sauraron mai ƙorafi a tsara bayaninsa, a tattara takardun shaida, a cike takardar neman beli, a bi diddigin fayil a rajista, a sasanta maƙwabta tun rikici bai kai ga sammaci ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fasaha ce da ake koya da hannu.

Shekaru da dama ke nan Jami'ar Ahmadu Bello tana ba da difloma a fannin shari'a a Kongo, Zariya. Kwalejin Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a ta Aminu Kano da takwarorinta na jihohin Arewa su ma suna yi. Waɗannan makarantu sun yaye alƙalai da magatakardan kotu masu yawa, kuma wannan abin yabo ne. To amma a yau ɗalibi yakan shiga difloma ne da ido a kan aji 2 na jami'a. Manhajar ma ta biye masa: taƙaitaccen darasin digiri ce, ga dokar laifuka, ga dokar yarjejeniya, ga tsarin mulki, duk a allo da jarrabawa. Wanda ya samu gurbin jami'a ya wuce. Wanda bai samu ba, kuma su ne da yawa, ya koma gida da takardar da ba ta shirya shi ga wani takamaiman aiki ba. A ganina wannan asara ce babba, ga ɗalibin da kuma ga jama'ar garinsu.

Wasu ƙasashe sun ɗauki aikin mataimakin lauya a matsayin sana'a mai zaman kanta. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fara tantance kwasa-kwasan horar da mataimakan lauya a 1975. Lardin Ontario na Kanada ya soma tsarin ba su lasisi a 2007, har suna wakiltar mutane a kotun ƙananan ƙararraki. Amma misalan Afirka sun fi kusa da halinmu. A Malawi, tun 2000 mataimakan lauya suke shiga gidajen yari suna koya wa fursunoni yadda ake neman beli, suna zaƙulo waɗanda aka manta da fayilolinsu. A Saliyo, ƙungiyar Timap for Justice, wadda aka kafa a 2003, ta tura su ƙauyuka ƙarƙashin kulawar lauyoyi ƙalilan, har Dokar Taimakon Shari'a ta 2012 ta amince da matsayinsu.

Nijeriya ma ba doka ta rasa ba. Dokar Taimakon Shari'a ta 2011 ta ba Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ikon ba da lasisi ga wanda ya yi horon wannan aiki. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta umarci majistare ya riƙa duba wuraren tsare mutane na 'yan sanda kowane wata. Duk da haka, kimanin kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi. Masu bin sawun fayilolinsu ne suka yi ƙaranci.

Lauyoyi suna da fargaba, kuma tana da tushe: mai ƙaramin sani zai iya ba da gurguwar shawara, ko ya zama dillalin da ke tatsar talaka a bakin kotu. Sai dai dillalan nan suna nan tun yanzu, ba horo, ba rajista, ba mai tuhumarsu. Horo da lasisi da kulawar lauya su ne za su raba mai aikin gaskiya da ɗan damfara.

Saboda haka ya kamata a sake fasalin diflomar. Aƙalla zango guda ɗalibi ya yi shi a rajistar kotu, da ofishin lauya, da gidan gyaran hali. A koya masa rabon gado a aikace, tunda a kotunan Musulunci na Arewa ƙararrakin aure da gado suna da yawa. A koya masa sulhu, da riƙe sirrin mai ƙorafi, da bayyana doka cikin Hausa, da gane lokacin da magana ta fi ƙarfinsa ya miƙa ta ga lauya. Ina kira ga Hukumar Taimakon Shari'a, da Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya, da shugabannin waɗannan kwalejoji su zauna su fitar da manhaja ɗaya, wadda duk wanda ya kammala ta zai cancanci lasisin da dokar 2011 ta tanada.